Takwas ɗin Obadiya

Obadiya masinja ne, kuma in ka kira shi da wani suna da ya fi wannan girma, shi da kansa zai gyara maka. Shekara goma sha huɗu ya yi yana wannan aiki a ofishin ɗaukar ɗalibai na wata ƙaramar kwalejin malamai da ke gefen garin Jalingo. Gajere ne kakkaura, mai tafiya da sauri ko ba a aike shi ba. Daga duwatsun Mumuye ya sauko yana saurayi, bayan rasuwar ubansa ta fitar da shi daga sakandare a aji biyu. Da yankan ciyawa ya fara a harabar kwalejin, har aka lura yana karanta sunan da ke bayan ambulan ba tare da ya tambayi kowa ba, sai aka ba shi kaki da keke. Gidansa na Mayo Gwoi, ɗaki biyu, shi da matarsa Godiya da 'ya'ya huɗu, da 'yar gonar shinkafa a bakin rafi.

A takarda, aikinsa shara ne da kai saƙo. A zahiri kuwa, ba fayil ɗin mai neman shiga da ke isa teburin Malam Njidda, shugaban ofishin, sai ya bi ta hannun Obadiya. Malam Njidda dattijon Bafillace ne mai tabarau, mai ƙyamar hayaniya, kuma tun da aka ƙirƙiro jihar Taraba Jalingo ta zama babban birni, masu neman karatu suka yi masa yawa. Shi ya sa ya koya wa masinjansa ƙa'idar, ya sakar masa rabon fayil.

Ƙa'idar ba ta da wuyar ji. Kowane darasi na jarrabawar gama sakandare lamba ake ba shi. Ɗaya zuwa shida shi ne kiredit, wato ka ci. Bakwai da takwas, ka taɓa dai, amma ba su shigar da kowa ko'ina. Tara kuwa faɗuwa ce warwas. Kwalejin na son kiredit biyar, dole da Turanci a ciki, kuma a tara su a zama ɗaya ko biyu. Wanda ya zauna jarrabawa sau uku yana tsintar ɗaya nan biyu can, takarda biyu kawai zai zaɓa ya miƙa, ta ukun ya mayar aljihu. Obadiya sai ya buɗe fayil, ya bi da yatsa, ya ajiye dama ko hagu. Na dama sun cika, na hagu a ɗaure su da igiya a kai sito.

Su na dama ma ba a nan take ƙarewa ba. Yawancin takardun da ake kawowa ba na asali ba ne. Ta asali sai ta shekara uku ko huɗu ba ta fito ba, don haka makarantar da mutum ya zauna ita ke buga masa sakamako da tafireta, shugabanta ya sa hannu ya danna hatimi. To, abin da tafireta ta buga, reza na iya kankarewa. Obadiya ya ga tara da aka juya ta koma shida, ya ga bakwai da aka ƙara wa ƙafa ta zama huɗu. Saboda haka duk sunan da ya faɗa dama sai an gwada shi da babban kundin hukumar jarrabawa da ke Yola, inda ainihin sakamakon kowa yake. Na hagu kam ba mai gwada su. Wa zai yi ƙarya don ya faɗi?

Abin da kowa a kwalejin ya sani, har masu sayar da ƙosai a bakin ƙofa, shi ne masinjan nan shi ma yana neman shiga. So yake ya zama malamin firamare a ƙauyensu, inda duk malamin da aka tura ba ya kai damina biyu yake gudu. Wannan kaɗai ke ransa, kuma bai taɓa ɓoye wa kowa ba.

A alif ɗari tara da casa'in ya fara zaman jarrabawa. Ya yi rajista a wata sakandare ta ƙauye, can bayan duwatsu, wadda ke karɓar manya daga waje su zauna tare da yaranta. Da takarda ta fito, ya ci Hausa, ya ci Addini, ya ci Aikin Gona. Turanci takwas. Shekarar da ta biyo baya ya zauna jarrabawar ƙarshen shekara a nan gari, ya ci Tarihi da Gwamnati, Turanci bakwai. Ga biyar cif a zama biyu, amma babu uban tafiyar. Daga nan lissafin ya zama ɗaya: ya riƙe takardar farko mai uku, ya nemo Turanci da wani darasi guda a zama ɗaya.

Ai kuwa ya sha wuya. Shekarar da ya ci darasi biyu, Turanci ya ƙi. A casa'in da huɗu ya ajiye komai ya rungumi Turanci, yana haddace kalmomi a gindin mangwaro lokacin da sauran ma'aikata suka tafi cin abincin rana. Turancin ya zo da shida, amma shi kaɗai ya zo, sauran duk suka zube. Uku da ɗaya huɗu. Ranar ya kai wa Malam Njidda takardun, ya shimfiɗa su a tebur kamar mai tallar goro.

"Ranka ya daɗe, duba mini. Ko idona ne."

Malam Njidda ya ɗaga wannan ya haɗa da waccan, ya sauke, ya sake wata. Ya cire tabarau.

"Obadiya, kai ka fi ni sanin abin nan. Kiredit ɗinka sun fi na rabin yaran da muke ɗauka. Amma a warwatse suke. Ni ban isa in haɗa uku ba."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"To me ya sa ka kawo?"

"Don dai wani ya gani."

Wadda ta fi kowa jin jiki Godiya ce. Jarrabawar ƙarshen shekara daidai lokacin yankan shinkafa take faɗowa, ba ta taɓa kuskurewa ba. Shekara shida matar nan ita ke shiga fadama da lauje, ita ke bugu, ita ke sheƙa, mijinta na can cikin aji da fensir a tsakiyar yaran da ya haifi sa'o'insu. Ba ta da yawan magana, amma da casa'in da shida ta kama, ta tsare shi a tsakar gida da safe yana ɗaure ƙafar wando zai hau keke.

"Baban Keziya, baɗi 'yarka za ta rubuta tata. Ba za ka zauna ɗaki ɗaya da ita ba. Na sha dariyar matan zumuntar coci, na shanye, amma ita ba za ta sha ba. Ka yi ta bana. In ta zo, mun gode Allah. In ba ta zo ba, ka bar mini mijina ya dawo gona."

Ya ce ya ji, kuma ya yi alkawari. Ya zauna ta bana ɗin. Sakamako ya fito bayan Ista: Tarihi huɗu, Gwamnati biyar, Turanci bakwai. Bai kai wa kowa ya gani ba. Ya tattara takardun nan bakwai ya sa a leda ya tura ƙarƙashin akwati, ya rarraba littattafansa ga yaran maƙwabta. Ya yi baƙin ciki ƙwarai, har ya rame, amma bai yi fashin aiki ko na rana ɗaya ba.

Da can ta gidan waya ake aika sunaye Yola, amsa ta yi wata biyar a hanya, har ɗalibi ya fara karatu kafin a san gaskiyarsa. Daga baya Malam Njidda ya gaji, ya koma tura Obadiya da jerin sunayen a jaka. Akawun da ke riƙe da kundayen a can, wani Abbo, ya saba da shi har yakan ajiye masa kujera da rula ya ce, "Kai nemo layin, ni in duba in sa hannu, mu gama da wuri."

A watan Satumba na casa'in da bakwai ya hau Fijo ya tafi kamar kullum, da sunaye ɗari da wani abu. Ya yi nisa da aiki, wajen azahar, sai ya iso kan wata mata da ta kawo tsohuwar takarda ta shekarar casa'in, daga sakandaren nan ta bayan duwatsu. Abbo ya sauko da kundin shekarar, ya bubbuge shi ya ajiye. Takardun kwamfuta ne masu faɗi, manne da juna, kowane mutum layi ɗaya, lambobi jere kamar shuka. Obadiya ya sami matar, komai nata daidai. Zai rufe ke nan ya tuna ai shi ma a wannan shafin yake. Ba wani abu yake nema ba. Bai dai taɓa ganin sunansa da rubutun kwamfuta a babban littafi ba. Ya sauke rula ƙasa, wajen manyan da suka zo daga waje.

Ga sunansa. Hausa uku, Addini huɗu, Aikin Gona uku. Turanci biyar.

Ya ce a ransa rular ce ta karkace. Ya daidaita ta, ya danne da hannu biyu, ya sake bi daga suna har ƙarshe. Biyar. Ya ɗauko farar takarda ya rufe saman layin, ya rufe ƙasan da wata, ya bar nasa shi kaɗai. Biyar ɗin dai tana nan ba ta motsa ba.

"Malam Abbo, don Allah karanta mini wannan."

Abbo ya leƙo yana taunar goro. "Turanci biyar. Kiredit ne. Wane ne?"

"Ni ne."

"Kai? To barka. Ashe kai ma ɗan boko ne."

"Takwas aka buga mini."

Abbo ya daina tauna. Ya ja kundin gabansa, ya ɗaga rular layi ɗaya sama, ya ƙwanƙwasa da farce. "Ga takwas ɗinka nan. Ta wannan ce. Mai tafiretar makarantarku ya musanya muku. Yana faruwa, in ido ya gaji. Ba ka je ka karɓi ta asali ba?"

Bai je ba. Wa zai ɓata kwana biyu a hanyar dutse don ya karɓo abin da ya riga ya san bai ci ba? Huɗu a zama na farko, biyu a na biyu, shida ke nan har da Turanci. Tun farkon casa'in da biyu mutumin nan ya cika, yana ta rabon fayil ɗin wasu dama da hagu. Tabɗi! Ya ji kamar ya yi ihu a ofishin mutane, murna da takaici suka haɗu masa.

Sannan ya karanta sunan da ke saman nasa, sai murnar ta tsaya.

Andrawus ne. Rana ɗaya suka yi rajista, shi ya sa lambarsu ta biyo juna, kuma benci ɗaya suka zauna har aka gama. Dogo ne mai sanyin murya, ɗan wani dattijon ikilisiya a Nukkai. Andrawus ya kawo takardarsa kwalejin a casa'in da ɗaya, da Turanci biyar a jiki, aka ɗauke shi, ya yi wata biyar yana shiga aji. Sai amsa ta iso daga Yola cewa takwas gare shi. Aka kore shi a kan ya yi jabu, aka manna sunansa a allon sanarwa. Obadiya ne ya manna, da hannunsa, kuma shi ya kira shi daga cikin aji. Ya tuna yadda Andrawus ya zauna a kan matakalar ofis yana rantsuwa da Littafi Mai Tsarki cewa bai taɓa takardar ba, ya tuna kuma abin da shi ya faɗa wa Godiya da ya koma gida: da ganinsa ba ka ce zai aikata ba. Kunya ta kama shi a kan kujerar Abbo kamar yau abin ya faru.

Washegari ya tsaya gaban Malam Njidda ya zayyana masa komai. Dattijon ya saurara har ƙarshe, sannan ya jefo tambaya.

"Abbo ya rubuto?"

"Ya ce in jira ya rubuta, na ce a'a. Mai nema ba ya ɗauko shaidar kansa, ranka ya daɗe. Kai ka koya mini."

"Haka ne." Malam Njidda ya miƙe ya ɗauki hularsa. Mutumin da ya shekara goma bai taka Yola ba saboda ciwon baya, ranar ya hau mota da kansa. Ya dawo da ambulan biyu a liƙe, kowace da shaidar sakamako daga kundin. Ɗaya ta shiga sabon fayil mai sunan Obadiya. Ɗayar kuwa da ita ya kafa hujja ya rubuta wasiƙa da hannunsa, aka buga, aka danna hatimin kwalejin: cewa Andrawus bai yi jabu ba, kuskuren bugu ne daga makarantarsu, kuma an janye abin da aka manna a kansa.

Da Godiya ta ji, ba ta yi guɗa ba. Tana tsintar shinkafa a faifai, ta ajiye shi a hankali.

"Wato tun ina goyon Zakka?"

"Tun lokacin."

"Duk yankan nan da na yi ni kaɗai?"

Ta yi kuka sosai, na haushi, ta zagi mai tafiretar da ba ta taɓa gani ba har ta gaji. Sannan ta share ido da bakin zane ta ce ya je ya karɓo littattafansa daga yaran maƙwabta tun ba su yayyaga su ba.

Sunansa ya fito a jerin waɗanda aka ɗauka a watan Oktoba, yana da shekara arba'in da biyu. Kafin ya ajiye kaki, ya roƙi a bar masa saƙo ɗaya ya kai. Ranar Asabar da safe ya hau keke ya nufi Nukkai da wasiƙar a aljihun gaba. Ya yi tambaya wuri uku kafin aka nuna masa bakin kogi, inda ake ɗibar yashi ana loda wa tifa. Andrawus na cikin masu shebur, ba riga, ya ƙara tsawo saboda rama. Ya gane Obadiya tun daga nesa, bai kuma ajiye shebur ɗin ba.

"Masinja. Yau kuma me na yi?"

"Ɗan'uwa, ba ka yi komai ba. Tun farko ma ba ka yi ba. Abin da na zo faɗa ke nan."

Suka koma gefe, Obadiya ya ba shi labari tun daga rula har ambulan, bai rage nasa laifin ba, har maganar da ya faɗa wa matarsa. Ya miƙa wasiƙar. Andrawus ya goge hannu a wando ya karɓa, ya karanta a tsaye, leɓensa na motsi, ya kai ƙarshe ya koma farko.

"Wato biyar ɗin taka ce."

"Tawa ce."

"Ni takwas na ci."

"Takwas."

Andrawus ya gyaɗa kai. "To ai da an ba ni abata tun ranar, da na sake zama kamar kowa. Bayan abin nan ban ƙara riƙe biro ba. Ko sadaka aka ce a rubuta suna a coci, sai in ba wani."

"Malam Njidda ya ce in ka sake zama ka ci, ƙofa a buɗe take."

"Na gode masa." Ya ninke wasiƙar a hankali, ya rasa inda zai sa ta don ba aljihu mai kyau a jikinsa, ya riƙe a hannu. Direban tifa ya danna oda. Andrawus bai waiga ba.

"Baba ya ajiye dattijancin ikilisiya saboda ni. Ya ce wanda bai iya riƙe gidansa ba, ba zai tsaya gaban jama'a ba. Shekara shida muna gida ɗaya, in na shigo ya fita. Kullum ina ce masa ban yi ba, yana cewa takarda daga Yola ba ta ƙarya."

"Mu je yanzu in faɗa masa da bakina," in ji Obadiya, har ya kama kan keke. "Ni na manna, ni zan faɗa."

Andrawus ya dube shi.

"A watan Yuni muka binne shi."

Obadiya ya tsaya riƙe da keken. A watan Yuni kundin na nan a kan kantar Abbo a Yola, kamar yadda yake kowace shekara da ya je ya zauna a ƙarƙashinsa da rula. Hawaye suka zubo masa a gaban masu yashi, bai ko share ba.

"Mama tana nan," in ji Andrawus can. "Ba ta iya karatu ba, kuma in ni na karanta mata, za ta ce daɗin baki nake yi mata. Ka zo da kakin nan naka. Ka karanta mata da Turancin yadda yake, sannan ka juya mata da Hausa."

Ya jingina shebur ɗin da tarin yashi, ya ɗauki rigarsa, ya shige gaba. Obadiya ya bi shi a ƙasa yana tura keke.